Ƙurar Hunturu da Fentin Sabuwar Mota: Darasi daga Illela

A wani hunturu da bai daɗe da wucewa ba na kai ziyara garin Illela, wanda ke kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, daura da Birnin Ƙonni. Na sauka a gidan wani yayana, ɗan baffana, mai fataucin hatsi da albasa, wanda watanni bakwai kafin zuwana ya sayi baƙar mota sabuwa dal, bayan ya shekara da shekaru yana tara kuɗinta. Da muka idar da sallar Azahar sai ya ja ni zuwa inda take ajiye, ya nuna mini bonet, ya ce, "Dakta, ku da kuka yi karatu mai zurfi, duba mini nan. Motar nan ba ta taɓa yin karo ba, kullum safiya kuma sai yara sun goge ta, amma ga shi ta fara dusashewa." Da na sunkuya na dubi inda hasken rana ya faɗa, sai na ga dubban siraran zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Na ce, "Yaya Alhaji, da me suke goge ta?" Ya sa aka kawo mini wata tsohuwar singileti busasshiya. Na roƙe shi ya bar mini ita, na ƙulle a leda, na koma da ita ɗakin gwaje-gwaje.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa malamin ilimin halittu da wankin mota? Amsar ita ce, yawancin abubuwan da ke lalata jikin mota a wannan yanki namu ko dai halittu ne masu rai, ko abin da suka fitar, ko kuma gawarwakin waɗanda suka mutu tun dubban shekaru. Wanda ya san su zai san yadda zai wanke motarsa ba tare da ya cuce ta da hannunsa ba.

Fenti ba fata ba ne

Mutane sukan kwatanta fentin mota da fatar jiki, kuma kwatancen yana da amfani har zuwa wani wuri. Kamar fata, fenti hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin da ke hana tsatsa, sai shafin share fage, sai launin da ido ke gani, sannan a can sama akwai wani shafi garai-garai mara launi, wanda shi ne ke ba mota ƙyalli, yake kuma tare hasken rana mai ƙuna. Kaurin dukkan waɗannan a haɗe yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Shafin sama shi kaɗai ba ya cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba.

A nan ne kwatancen ya tsaya. Fatar mutum tana sabunta samanta cikin kimanin mako huɗu, domin ƙwayoyin halitta na ƙasa suna rarrabuwa suna turo sababbi. Idan ƙaya ta karce ka, bayan kwanaki wurin ya warke. Fenti ba shi da rai. Abin da kamfani ya shafa a ranar da aka ƙera motar, shi ke nan rabonta, duk abin da aka kankare kuma ya tafi ke nan. Ko gogewar inji da masu fenti ke yi don dawo da ƙyalli, ba cike zanen take yi ba, rage kaurin fentin da ke kewaye da zanen take yi har su daidaita. Saboda haka ba a iya maimaita ta sau da yawa.

Abin da na gani a cikin tsumman

Da na karkaɗe ƙurar singiletin a kan gilashi na sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, wato maikiroskof, mafi yawan abin da na gani ƙwayoyin yashi ne ƙanana masu kaifin baki, irin wanda masana duwatsu ke kira kwats, tare da laka da ɓurɓushin tsirrai. Amma jefi-jefi akan ci karo da wasu gutsattsari masu tsari, da layuka da ƙananan huda a jere kamar an yi musu ado. Waɗannan ɓawon wasu halittun ruwa ne masu ƙwayar halitta ɗaya tak, da ake kira dayatom. Dangin gansakuka ne, kuma abin mamaki game da su shi ne suna gina wa kansu gida da silika, wato sinadarin da ake yin gilashi da shi.

To, me ya kawo halittar ruwa kan bonet a Illela? Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi ba ɗan wannan da muka sani ba ne. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, fiye da sulusin faɗin Nijeriya. Dayatom sun rayu a cikinsa ba adadi, suna mutuwa ɓawonsu na taruwa a ƙasa. Da tafkin ya janye, sai wurin da ya fi zurfi, wato kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, ya zama farin fili busasshe. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Masana suna lissafa Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma daga can zuwa Illela ya fi kilomita 1,300. Hazon da ke rufe mana rana daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani kaso nasa daga can yake, sauran kuma iska ta tsinto shi a hanya, har da na gonakinmu da hanyoyin da ba a shimfiɗa wa kwalta ba.

Wannan ba sabon gano ba ne. A shekarar 1832, Charles Darwin yana cikin jirgin ruwan Beagle kusa da tsibiran Kef Bade, ya lura da ƙura tana sauka a kan jirgi a tsakiyar teku. Daga baya ya aika wa Bajamushen masani Christian Ehrenberg samfurin irin wannan ƙura, shi kuwa ya sami ɓawon ƙananan halittu iri-iri a cikinta. Ina yawan gaya wa ɗalibaina cewa abin da ya kai Darwin bakin tekun Atilantika kafin ya gani, su a kan tagar ajinsu yake sauka kyauta.

Abin da ya shafi mai mota a nan shi ne tauri. A 1812 Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10, bisa ƙa'idar cewa mai tauri shi ke karce mai laushi. A wannan ma'auni farcen mutum yana wajen 2.5, gilashin taga wajen 5.5, kwats kuwa 7. Shafin saman fenti wani nau'in roba ne, ya fi gilashi laushi nesa ba kusa ba. Ƙurar da ta kwanta a kan mota, muddin ba a taɓa ta ba, ba ta yin wata ɓarna mai yawa. Amma da zarar an ɗora busasshen tsumma an danna an murza, to an haɗa samfefa ke nan: tsumma shi ne takardar, ƙura ita ce yashin. Yaran yayana sun yi wata bakwai suna goge motar ubansu da samfefa kowace safiya, cikin ladabi da biyayya. Haka kuma abin yake ga mai kunna waifa a kan busasshen gilashi mai ƙura, ko yaron da ke rubuta sunansa da yatsa a jikin but.

Ruwan Illela

Ƙa'ida ta farko ke nan: ruwa ya riga hannu taɓa mota. Sai dai shi ma ruwan yana da tasa matsalar, wadda ita ma asalinta halittu ne. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, teku ce ta rufe wannan yanki, kuma ɓawon halittunta ne ya dunƙule ya zama dutsen farar ƙasa. Shi ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti tun shekarun 1960, shi ne kuma ake haƙa a Malbaza, can gaba da Ƙonni. Illela tana tsakanin waɗannan wurare biyu. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan narkar da sinadarin kalsiyam ya taho da shi, shi ya sa ruwan rijiyoyi da yawa a yankin ba ya yin kumfa sosai, yake kuma barin farin ɓawo a cikin butar shayi.

Idan ɗigon irin wannan ruwa ya bushe a jikin mota, ruwan ne ke tashi, kalsiyam ɗin yana nan. Shi ne fararen tabon nan masu kama da zobe. A kan fenti mai sanyi sukan fita da sauƙi. A kan fenti mai zafi kuwa sukan kama, wani lokaci har su ci cikin shafin sama. A watan Afrilu, lokacin da zafin iska ke haura digiri 40 a ma'aunin santigireti, jikin baƙar mota da ke rana yakan haura digiri 70. Wanda ya wanke mota da tsakar rana a bazara, ruwan zai bushe kafin ya zagayo da tawul. Don haka lokacin wanki shi ne bayan sallar Asuba ko dab da Magariba, a inuwa, kuma injin ya huce. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a ɗora bayan hannu a kan bonet. Idan ba a iya barinsa a wurin ba, to a dakata. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta, bayan an bar na farko ya wanke rufin kwano, ya fi kowane ruwa dacewa da ɗauraya ta ƙarshe, domin ba shi da kalsiyam. Tabon da ya riga ya kama kuma, ruwan khal da aka sirka da ruwa daidai wa daida yakan narkar da shi, amma a ɗauraye nan take.

Yadda za a wanke

A garin da gidaje da yawa ke sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan ga-ruwa, ba zan ba kowa shawarar ya saki tiyo yana kwarara ba. Jarka biyu masu cin lita 25 sun isa ƙaramar mota idan an bi tsari. Ana bukatar bokiti biyu, da moɗa ko buta, da tawul mai laushi guda uku, irin mai siraran zare da ake sayarwa a shagunan kayan mota. Da farko a yi ta kwara ruwa da buta daga rufin mota zuwa ƙasa, ba tare da an taɓa ta ba, domin mafi yawan yashin ya gangara da kansa. Sannan a haɗa ruwan sabulu a bokiti ɗaya, a bar ɗaya da ruwa zalla. A tsoma tawul a na sabulu, a wanke yanki guda, a ɗauraye tawul ɗin a na ruwa zalla, a matse, kafin a mayar da shi cikin na sabulu. Hikimar ita ce yashi ya fi ruwa nauyi, zai kwanta a gindin bokiti na biyu maimakon ya koma jikin mota. Duk wanda ya leƙa gindin wannan bokiti bayan ya gama ba zai ƙara wanki da bokiti ɗaya ba.

A fara daga sama, a ƙare da ƙasa, inda datti ya fi yawa. A ja hannu a miƙe, ba tare da dannawa ba. Taya da wili suna da nasu soso da ba ya taɓa fenti har abada. Tawul ɗin da ya faɗi ƙasa ya gama aiki a ranar. Bayan ɗauraya, a tsane ruwan da busasshen tawul kafin iska ta busar da shi.

Game da sabulu, ya kamata a san yadda yake aiki. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. Wutsiyoyin suna kewaye datti, kawunan suna jan sa cikin ruwa. Irin wannan aiki ne ruwan matsarmama ke yi wa kitsen da muka ci a cikin hanji. Amfani na biyu, wanda ya fi muhimmanci a nan, shi ne santsi, domin yashi ya zame maimakon ya karta. Garin sabulun wankin tufafi yana da kaifi irin na kanwa, yakan kai 10 ko fiye a ma'aunin pH, alhali sabulun mota yana kusa da 7, wato tsaka-tsaki. An yi garin sabulu ne don ya cire maiƙo kowane iri, saboda haka yana wanke kakin da ke kare fenti, yana busar da robobin bakin gilashi, ga shi kuma ƙwayoyinsa da ba su narke ba su ma suna karta. Injin kuwa, shawarata ita ce a bar shi da goge-goge da ɗanyen tsumma. Motocin yanzu suna da kwamfuta da wayoyi masu yawa a ƙarƙashin bonet, kuma kuɗin gyaransu ya fi kuɗin wankin shekara.

Inuwar bishiya da masu zama a kanta

Kowa a Illela yana neman inuwa, kuma inuwar da ta fi samuwa ita ce ta dogon yaro. Amma ba mota kaɗai ke son bishiyar ba. Tsuntsaye, saboda tattalin ruwan jikinsu, ba sa yin fitsari irin namu. Suna fitar da dattin jininsu a matsayin wani farin asid mai kauri da ake kira yurik, shi ne farin da ke cikin kashinsu. Wannan asid ba ya narkewa da sauƙi a ruwa, kuma idan rana ta gasa fenti ya yi laushi ya buɗe, da dare ya yi sanyi ya tsuke, sai ya ɗauki siffar busasshen kashin, tabon ya zauna ko bayan an wanke. Bugu da ƙari, kurciya da tantabara suna haɗiyar tsakuwa domin niƙa hatsi a ƙundunsu, don haka kashinsu yana ɗauke da yashi. Kankare shi da farce ko tsinke kuskure ne babba. A jiƙa tsumma a ɗora a kai na minti biyar zuwa goma, sannan a ɗauke shi a hankali. Wannan ne kaɗai dattin da ba ya jiran ranar wanki. A cire shi a ranar da aka gan shi.

Haka ake yi wa kashin jemagu, waɗanda ke cin 'ya'yan dogon yaro da dare, da darɓar da ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke zubarwa, da kuma gawarwakin fara da shinge da ke mannewa a gaban mota idan an yi tafiyar dare da damina a hanyar Gwadabawa. Ƙaron bagaruwa da na farar ƙaya yana narkewa da ruwan ɗumi. Rumfar kwano ko ta zana ta fi kowace bishiya. Rigar mota kuwa tana da amfani ne a kan mota mai tsabta kaɗai. Idan aka lulluɓa ta a kan ƙura, iskar hunturu ta kwana tana kaɗa ta, aikin singiletin nan za ta yi.

Cikin mota ma yana da nasa baƙi. Wanda ya ɗauko buhun gero ko wake daga kasuwar Lahadi ya bar tsaba a but, ya gayyaci ɓera. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, dole ne ya yi ta gwaguya don ya rage su, kuma wayoyin mota sun dace da bakinsa. Fitsarin ragon da aka ɗauko a but, idan ya shige ƙarƙashin kafet, gishirinsa yana jawo tsatsa. A shimfiɗa leda mai kauri kafin lodi, a share bayan an sauke.

Darasi daga ganyen gwaza

Bayan wanki sai kariya, kuma a nan tsirrai ne malamanmu. Duk wanda ya zuba ruwa a kan ganyen gwaza ko na kabeji ya ga yadda yake dunƙulewa ya gangara, ganyen ya zauna a bushe. Dalili shi ne saman ganye yana lulluɓe da kaki. A 1997 wasu masana tsirrai biyu na Jamus, Wilhelm Barthlott da Christoph Neinhuis, sun bayyana yadda ganyen lotas, wata shukar ruwa ta Asiya mai kama da bado, ke wanke kansa: ɗigon ruwa yana mirginawa a kan ƙananan tudun kaki yana kwashe ƙura. Kakin da ake shafa wa mota yana yin kusan irin wannan aiki, kuma fitaccensa daga ganye ake samunsa, ganyen wata bishiya dangin goriba da giginya da ke arewa maso gabashin Barazil, mai suna karnuba. Bishiyar tana fitar da shi ne don kare kanta daga zafi da fari irin namu. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, alhali kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63. Wannan bambanci ne ya sa kakin zuma ba zai yi wa motar da ke shan ranar Illela amfani ba. Man gyaɗa ko baƙin mai da wasu ke shafawa a taya da dashbod don ƙyalli kuwa tarkon ƙura ne kawai.

Ana shafa kaki siriri a kan mota wankakkiya busasshiya, a inuwa, a bar shi ya yi hazo-hazo, a goge da tawul mai tsabta. A zafin nan namu ba ya daɗewa kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwani. Idan ruwa ya daina dunƙulewa ya koma shimfiɗewa a kan bonet, lokacin sabuntawa ya yi. A ganina lokuta biyu ba a wasa da su: ƙarshen Oktoba kafin hazo ya sauka, da watan Mayu kafin ruwan farko. Akwai kuma sababbin shafe-shafe da ake kira siramik, waɗanda da silika ake yin su, sinadarin nan na ɓawon dayatom. Sun fi kaki daɗewa, amma kada mai talla ya ruɗi kowa, ba su hana yashi karta idan an murza shi a bushe.

Ruwan wankin ma kada a bar shi ya kwanta a ƙofar gida. Da damina, sauro yana iya kammala girma daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana bakwai zuwa goma a ɗan kududdufi. A wanke motar a kan ƙasa mai shan ruwa, nesa da bakin rijiya.

Ga ɗalibai da malaman makarantun sakandare, akwai gwajin da ba ya bukatar maikiroskof. A samo tsofaffin faya-fayan CD guda biyu waɗanda bayansu bai karce ba, a ajiye su a kan katanga su kwana biyu a cikin hazo. Na farko a goge shi da busasshen tsumma sau ashirin. Na biyu a kwara masa ruwa, a wanke shi da ruwan sabulu da tawul mai laushi, shi ma sau ashirin, a tsane. Sannan a ɗaga su biyun a karkata su ga hasken rana, a ƙirga zanen da ke cikin faɗin santimita ɗaya a kan kowanne, a rubuta sakamakon a littafi tare da kwanan wata da yanayin hazon ranar.